Wanda Ya Tsaya da Wanda Ya Gudu

Duk wanda ya tashi a Nima ya san cocin St. Kizito, ko da bai taɓa leƙa ƙofarsa ba. Yana nan cikin unguwa, masallatai sun kewaye shi gabas da yamma. Tun ina yaro nake wucewa ta gabansa in an aike ni, amma ban taɓa tambayar wane ne Kizito ba. Na ɗauka sunan wani Bature ne. Sai da na girma na ji cewa yaro ne baƙar fata, ɗan shekara 14, mai hidima a fadar Sarki Mwanga na Buganda, wanda aka ƙone a Namugongo ranar 3 ga Yuni, 1886, shi da abokansa, saboda sun ƙi barin addininsu. Mutumin da ya ba ni wannan labari shi ma wuta ce ta ci shi, kuma ranar 3 ga Yuni. A kansa nake wannan rubutu, da kuma a kan wani bishop na ƙasar Aljeriya, domin tambayar da mutuwarsu ta bar mini iri ɗaya ce.

Sana'ata gyaran waya, a Circle, wajen Tip Toe Lane. Shekara shida teburina na jingine da na wani saurayi ɗan ƙabilar Dagaba daga wajen Nandom, mai sayar da caja da rigar waya. Ɗan Katolika ne. Hausa muke yi da shi, kamar yadda yawancin mutanen arewacin Ghana suke yi da mu in an haɗu a kasuwa. Yana ce mini Malam, ni kuma ina tsokanarsa da Ɗan Fada. Ranar Juma'a shi ke tsare mini tebur har in dawo daga masallaci. Da azumi kuwa sai ya ɗauki wakensa ya zaga bayan rumfa ya ci, don kada ƙamshin ya dame ni, alhali ban taɓa roƙonsa haka ba.

Ranar Laraba, 3 ga Yuni, 2015, da safe ya ce mini yau ce ranar waliyyin cocinsu, ya ba ni labarin yaron a taƙaice, ina saurare ina kwance wata waya. Da yamma ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Kafin dare ya yi nisa kogin Odaw ya cika ya tumbatsa, Circle ta zama tafki, motoci sun mutu a kan titi. Na tattara wayoyin mutane cikin jaka na ɗora a ka, na shiga ruwan da ya kai mini ƙugu. Can na ji muryarsa: "Malam! Zo ka riƙe mini yaron nan in ɗago uwar!" Wata 'yar dako ce ruwa ya kayar, da goyonta. Na ce masa, "Kayan mutane ne a kaina, bari in kai su tudu in dawo." Da na waiwaya na hango shi, jaririn a kafaɗa, yana jan matar zuwa ƙarƙashin rufin gidan man da jama'a suka fake. Ban dawo ba. Na kai tudu na ci gaba da tafiya har Nima.

Sauran labarin duniya ta ji shi. Mai ya malalo a kan ruwa, wuta ta kama, mutum fiye da 150 suka mutu tsakanin ruwa da wuta, Shugaba John Mahama ya sa a yi zaman makoki na kwana uku. Abokina na cikinsu.

Kowa ya zo mini jaje sai ya ce, "Ka gode wa Allah, tafiyarka ce ta tsirar da kai." Kuma gaskiya suka faɗa. Da na amsa kiransa, da ƙarƙashin wannan rufin zan bi shi. Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne, shi da ya tsaya don taimako, wurin da ya kai matar da ɗanta nan ne ajali yake jira. Ni na yi rowa na rayu, shi ya yi alheri ya mutu, kuma alherin nasa bai ceci kowa ba. To wa ya yi daidai tsakanina da shi? Ranar da aka yi masa addu'a a St. Kizito na je, amma na tsaya a bakin titi, na kasa shiga, na kuma kasa sanin me zan ce a kansa. Shekara huɗu ina ɗauke da wannan, ban gaya wa kowa cewa ya kira ni ba.

Ranar Lahadi, 21 ga Afrilu, 2019, Babban Limamin Ghana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King a nan Accra lokacin bikin Ista, kwana biyu kafin cikarsa shekara 100, Fada Andrew Campbell ya tarbe shi. A ranar ce kuma aka tayar da bama-bamai a coci-coci da otal-otal na Sri Lanka. Da daddare majalisarmu ta shayi a Maamobi ta kaure da gardama. Wasu na cewa Shehu ya yi abin da ya dace, wasu samari na cewa ya wuce gona da iri. Wani dattijo ɗan Nijar mai sayar da albasa, wanda rediyo ba ta rabuwa da kunnensa, ya bari har aka gaji, sannan ya ce, "Yara, ku kuna faɗa a kan wanda ya shiga coci ya fito. Ni a watannin baya na ji labarin yaro Musulmi da ya mutu a ƙofar gidan bishop, jininsu ya gauraya." Na ce, "Baba, a ina?" Ya ce, "Wahran." Daren nan na kwana ina bincike a waya.

An haifi Pierre Claverie ranar 8 ga Mayu, 1938, a unguwar Bab El Oued ta Aljiyas, babban birnin Aljeriya, a gidan Faransawan da suka zauna a ƙasar tun kakanni. Shi da kansa ya sha faɗa daga baya cewa ya tashi tsakiyar Larabawa amma kamar ba ya ganinsu, ba shi da aboki a cikinsu, kuma ya sha jin wa'azin son maƙwabci a coci ba tare da wani ya taɓa ce masa Balaraben bakin titi shi ne maƙwabcin ba. Ya tafi karatu Faransa ana tsakar yaƙin neman 'yanci, ya shiga ƙungiyar limaman Dominika a 1958, aka naɗa shi fada a 1965. A 1962, da Aljeriya ta sami 'yanci, Turawa kusan miliyan ɗaya suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka bar ƙasar. Shi kuwa a 1967 sai ya komo. Ya zauna ya koyi Larabci har ya kai ga koyar da shi, ya shugabanci cibiyar nazari ta Glycines a Aljiyas daga 1973, sannan a 1981 aka naɗa shi bishop na Oran, birnin da Larabawa ke kira Wahran.

Mabiyansa 'yan kaɗan ne, yawancinsu baƙi, ciki har da ɗalibai daga ƙasashenmu na kudu da hamada. A zamaninsa babban cocin Oran ya koma ɗakin karatu na jama'a. Aikinsa ya fi karkata ga ɗakunan karatu na ɗalibai, da kula da naƙasassu, da koyar da mata, kuma kusan duk masu cin moriyar Musulmi ne.

A Disamba 1991 jam'iyyar FIS ta masu kishin Musulunci ta ci zagayen farko na zaɓen majalisa. A Janairu 1992 sojoji suka soke zaɓen, ƙasa ta faɗa yaƙin basasa. Waɗansu na ƙiyasta matattu dubu 100, waɗansu dubu 200, kuma kusan dukkansu Musulmi ne 'yan ƙasa: manoma, malaman makaranta, 'yan jarida, limamai. A ƙarshen 1993 ƙungiyar GIA mai ɗauke da makamai ta ba baƙi wa'adi su fice. Ranar 8 ga Mayu, 1994, aka harbe wani malamin coci da wata sista a ɗakin karatun da suke kula da shi a tsohuwar unguwar Kasba. A Disamba na wannan shekara aka kashe fada huɗu a Tizi Ouzou. A Maris 1996 aka sace sufayen coci bakwai daga gidan ibadarsu na Tibhirine, a watan Mayu aka sanar da mutuwarsu. Claverie yana ganin duk wannan, yana da fasfo, jirgi kuma na tashi zuwa Faransa. Ya ƙi tafiya, ya kuma ƙi yin shiru a kan masu kisa da sunan addini.

Ranar 1 ga Agusta, 1996, ya gana da ministan harkokin wajen Faransa, Hervé de Charette, a Aljiyas, ya komo Oran da dare. Wanda ya ɗauko shi daga filin jirgi wani saurayi ne Musulmi ɗan shekara 21 daga Sidi Bel Abbès, Mohamed Bouchikhi, wanda ya saba da mutanen cocin garinsu, yake kuma tuƙa bishop ɗin. Suna shiga ƙofar gida bam ya tashi, su biyun suka mutu nan take. Ranar 8 ga Disamba, 2018, a cocin Santa Cruz da ke kan dutse saman Oran, Cocin Katolika ya ayyana Claverie da sauran mutum 18 da aka kashe a waɗannan shekaru a matsayin masu albarka, wato matakin da ke gab da zama waliyyi a tsarinsu. Limaman Musulmi sun halarta, aka kuma tuna da limamai fiye da 100 da aka kashe a yaƙin. A zanen da aka yi na mutum 19 ɗin an sa hoton Mohamed.

Ka ga ke nan abin da ya hana ni barci. Ga wani da ya tsaya, tsayuwar tasa kuma ta ja wani zuwa inda ajali yake. Sai na ce bari in gurfanar da bishop ɗin a gaban hankalina, in tuhume shi da duk abin da zan iya, domin hukuncin da ya fito a kansa shi ne zai hau kan abokina, ya kuma hau kaina.

Tuhuma ta farko ita ce ganganci. Alƙur'ani ya hana mutum kai kansa ga halaka, hijira kuma sunna ce. Littafin da bishop ɗin yake bi shi ma ya halatta wa wanda aka tsananta wa a wani gari ya gudu zuwa wani. Cyprian, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ɓuya lokacin tsanantawar shekara ta 250, kuma Kiristoci ba su fasa kiransa waliyyi ba. Sai a 258 ya tsaya aka fille masa kai. Ke nan gudu ba abin kunya ba ne a addinan biyu. To yaushe yake zama abin kunya? Augustine, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya, ya amsa wannan a wata wasiƙa lokacin da mayaƙan Vandal suka doso ƙasar. Ya ce in shugaba shi kaɗai ake nema, kuma akwai masu riƙe jama'a a bayansa, yana iya gudu. In kuwa haɗarin na kowa ne, kuma tafiyarsa za ta bar mutane ba mai duba su, to ya zauna. Shi ma ya zauna har ya rasu a 430, birnin na kewaye da abokan gaba. Da na karanta wannan sai na tuna da abin da muka koya a makarantar allo da islamiyya: Manzon Allah (SAW) bai bar Makka ba sai da yawancin sahabbansa suka riga shi fita, kuma ya bar Sayyidina Ali don ya mayar wa mutane ajiyarsu. Ashe ma'aunin ɗaya ne. Ana duba wanda ka bari a baya, da halin da ka bar shi.

Akwai kuma wata hanya ta bambance mai neman mutuwa da wanda ya ƙi sayen rai da kowane farashi. Ka cire mutuwar daga labarin, ka ga abin da ya rage. Ɗan ƙunar baƙin wake, in bam ɗinsa ya ƙi tashi, aikinsa ya lalace, domin mutuwar ita ce aikin. Claverie kuwa, da bam ɗin ya ƙi tashi, da gari ya waye ya buɗe ɗakin karatu kamar kullum, ba abin da ya ragu daga manufarsa. Rayuwa a tsakanin mutanen nan yake nema, mutuwa ta tare shi a hanya. A wannan tuhuma na sallame shi.

Tuhuma ta biyu ta fi kusa da zuciyar ɗan zango. Wannan mutum ɗan 'yan mulkin mallaka ne, kuma ɗan mishan. Mun san tarihin yadda mishan da bindiga suka sha tafiya hanya ɗaya a Afirka, kuma ba za a zargi wanda maciji ya sara don ya ga tsumma ya gudu ba. Amma a nan ya kamata mu yi hattara, domin mu ma baƙi ne. Kalmar zango kanta ma'anarta wurin da fatake ke sauke kaya su huta kafin su wuce. Kakanninmu sun biyo hanyar Gwanja neman goro, suka sauka, saukar ta zama zama. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutanen da aka haifa a Nima da Kumasi suka wayi gari ana ce musu ba nan ne gidansu ba. A 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Ghana irin wannan. Mun san ɗacin a auna mutum da inda kakansa ya fito. In ana so a san ko baƙo ya zama ɗan gari, a duba inda yake ranar da gari ya kama da wuta. Ana cewa baƙo raɓa ne, rana na fitowa ya bushe. Wanda rana ta fito ta ƙwalle yana nan bai motsa ba, sai a nemo masa wani suna. A jana'izar Claverie Musulmin Oran sun cika wurin, har aka riƙa cewa su ma bishop ɗinsu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ni da ke Accra zan koya wa mutanen Oran wane ne maƙwabcinsu ba.

Wannan hali kuma ba kayan wani addini ɗaya ba ne. Amir Abdulƙadir, wanda ya yaƙi Faransa shekara 15 a wannan yanki na yammacin Aljeriya, shi ne a Yuli 1860 ya buɗe gidansa a Dimashƙa ya ɓoye Kiristoci masu ɗimbin yawa daga masu kisa. A Yuni 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na Barkin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya shigar da Kiristoci 262 masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Muna alfahari da waɗannan, kuma ya dace. To in muna son Kirista ya yaba wa limaminmu da ya tsaya a ƙofa, da wane baki za mu ƙi yaba wa bishop ɗinsu da ya tsaya a tasa?

Tuhuma ta uku ita ce mai nauyi, wato yaron. Claverie ya san ana farautarsa. Ya san duk wanda ya zauna kusa da shi a mota yana zaune kusa da mutuwa. Shi dattijo ne ɗan shekara 58, ba mata ba 'ya'ya, ya riga ya sallama rayuwarsa. Mohamed kuwa yanzu ya fara tasa, yana da uwa da 'yan'uwa. Me ya sa bai kore shi ba? Mutum yana da ikon sadaukar da abin da yake nasa. Ran wani fa?

Na daɗe a kan wannan. Abu na farko da na gane shi ne, tambayar tana ɗauke laifi daga kan wanda ya dasa bam ta ɗora wa wanda bam ya kashe. Wannan kuwa shi ne abin da mai ta'addanci yake so: a wayi gari kowa na gudun wanda aka sa wa alama, har kusantarsa ta zama laifi. In kowane Musulmi a Oran ya janye daga bishop ɗin don tsira, to masu kisan sun sami biyan buƙata tun ba su kashe shi ba. Abu na biyu, in na ce ya kamata a kori Mohamed, na mayar da shi kaya ke nan, kamar wayoyin da ke cikin jakata, alhali mutum ne mai hankali da zaɓi. Bayan rasuwarsa an sami ɗan littafinsa da ya rubuta bankwana a ciki yana neman gafarar mutane, alamar ya san abin da yake ciki. An kuma ruwaito cewa kwanaki kaɗan kafin nan bishop ɗin ya ce wa wani fada, ko don saurayi ɗaya irin Mohamed zaman ƙasar ya cancanta. Kowannensu ya tsaya ne saboda ɗayan.

Duk da haka ban sallame shi wanke tas ba. Tsakanin babba da yaro, tsakanin mai ba da aiki da mai karɓa, zaɓi ba ya zama daidai wa daida, kuma kunya kaɗai tana iya hana yaro cewa a'a. Akwai saura da ya rage a wuyan bishop ɗin. Abin da na fahimta dai shi ne, wannan saura yana tare da duk alherin da aka yi a lokacin haɗari. Liman Abubakar ya sa iyalinsa cikin haɗari da ya buɗe ƙofa. Abokina ya kai matar nan ƙarƙashin rufin da ya ƙone. Wanda ke son hannunsa ya fita fes, ba tabon kowa, hanya ɗaya gare shi: ya ɗora jakarsa a ka ya nufi tudu. Na bi wannan hanya, na san inda take kaiwa.

Daga nan ne na iya komawa daren 3 ga Yuni. Masu yi mini jaje sun auna aikinmu da abin da ya biyo baya, alhali a lokacin da ya kira ni ba ni ba shi ba wanda ya san wuta na zuwa. Abin da ke gabanmu shi ne mace cikin ruwa da jariri, da rufi a kusa. A kan abin da ya sani, ya yi daidai, kuma wutar ba ta canza wannan ba. A kan abin da na sani, na fifita waya a kan rai, kuma tsirata ba ta canza wannan ba. Mun taso muna jin cewa ayyuka suna bin niyya, amma mun fi tuna haka in muna neman uzuri. Na ce amana ce a kaina, kuma amana ce. Sai dai ba mai wayar da zai tsine mini don ta jiƙe wajen ceton jariri. Na kuma ce zan dawo, ban dawo ba. Rayuwar da nake yi yanzu kyauta ce daga Allah, ba ladan dabarata ba.

Saura maganar suna. Samarin majalisarmu za su ce, to kana nufin bishop shahidi ne? Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda ruwa ya ci da wanda wuta ta ƙone suna cikin shahidan wannan al'umma, kuma na ji ana ta'aziyyar Musulmin da suka rasu a Circle da wannan bushara. Hukuncin wanda ba Musulmi ba, da irin addu'ar da ta halatta a yi masa, magana ce ta malamai, makomar kowa kuma tana hannun Wanda ya halicce shi. Ni mai gyaran waya ne, ba zan yi fatawa ba. Abin da na lura da shi dai, shahada da shaida tushensu ɗaya a Larabci, kuma kalmar da Kiristoci suka aro daga Girkanci don irin waɗannan mutane ita ma ma'anarta mai shaida. A kotun duniya ba a tambayar mai shaida ko zai shiga Aljanna. Ana tambayarsa abin da ya gani, ana duba ko yana da riba cikin maganar. Wanda ya biya shaidarsa da ransa ba shi da riba a cikinta. Claverie da Mohamed sun shaida cewa Kirista da Musulmi suna iya riƙe amanar juna har bakin kabari ba tare da ɗayansu ya bar addininsa ba. Abokina ya shaida cewa 'yar dakon da ba ya jin yarenta ta cancanci a tsaya dominta. Wannan shaida ina karɓarta ba tare da na taɓa aƙidata ba, kamar yadda zan karɓi shaidar duk mai gaskiya.

Karɓar shaida kuwa tana da nauyi, domin tana hana mutum cewa bai sani ba. Kafin wannan ina iya gaya wa kaina cewa kowa ma gudu zai yi. Yanzu na san ƙarya ne, domin na ga wanda bai gudu ba, teburinsa na jingine da nawa.

Ranar 3 ga Yuni, 2019, ana cikin ƙarshen azumi, na je St. Kizito. Ban shiga ibadarsu ba, na jira a harabar har suka fito. Na nemi yayarsa, wadda na san ta tun tana kawo masa abinci a Circle. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Yaya, akwai maganar da na riƙe shekara huɗu." Na gaya mata ya kira ni, na gaya mata abin da na amsa masa. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Malam, da ka je, da yau ba wanda zai gaya mini abin da yake yi a ƙarshensa. Mu mun ɗauka fakewa kawai ya yi." Ta share hawaye da bakin zaninta, ta tambaye ni ko jaririn namiji ne ko mace. Na ce duhu ne, a kafaɗarsa kawai na gan shi.

Ya bar ɗiya ɗaya, tana wajen yayar tasa. Tun daga wannan shekara littattafanta da kayan makarantarta suna wuyana. Ba na kiran wannan kaffara, domin ba a biyan irin wannan bashi da sidi. Ranar Juma'a, in zan tafi masallaci, yaron da ya gaji teburin, wanda shi ma Kirista ne, yakan ce, "Malam, je ka, ina gani." Nakan tafi, ina roƙon Allah in ranar da zai kira ni ta zo, Ya ba ni ikon sauke jakar.